Ragon da Aka Dawo Mini da Shi

Shekara ashirin da wani abu na yi ina kai raguna gidajen manya, kuma sau ɗaya tak aka taɓa dawo mini da rago. Wannan ɗayan ya kusa raba ɗan ƙanwata da abincinsa.

Sana'ata dillancin dabbobi. Ranar kasuwa ina kara, wato kasuwar dabbobi, a Mai'adua, sauran ranaku ina ƙauyenmu, can tsakanin Daura da bakin iyaka. Boko aji uku na yi, shi ma rabinsa a kan bishiyar kanya da ke bayan makaranta na yi shi. Amma akwai wani ilimi da ko mai digiri bai kama ƙafata a kai ba. Idan Babbar Sallah ta matso, ɗan kwangila, ko mai neman a ɗauki ɗansa aiki, ko mai rigimar gona, zai same ni ya ce in nemo rago in kai gidan wane. Na san ragon da ya dace da darakta, na san na akawu, na san ɗan madaidaicin da ake kai wa mai ajiye fayil don kada fayil ya ɓace. Ƙa'idar aikin guda ce: ba a faɗin abin da ake nema. Ka ɗaure rago a turke, ka ce wane yana gaisuwa, a aiko maka da tukuici daga cikin gida, ka juya. Mai rago ya san abin da ya kai, mai gida ya san abin da ya karɓa, ni kuwa ban san komai ba, ɗan aike ne.

Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, na tsorata ƙwarai. Mun yi murna, mun yi kabbara, mun ɗauka daga ranar duk wanda ya ci abin jama'a sai ya amayar. Ni dai a ɓoye na shiga neman mafita. Na je wajen wani malami da ke karatu tsakanin magariba da lisha, na tambaye shi hukuncin ragon gaisuwa, na ce wani abokina ne yake son sani. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in gaya wa abokin nawa, in dai akwai abin da ake nema a bayan ragon, to mai bayarwa da mai karɓa da mai jan igiya duk jirgi ɗaya ya ɗebo su. Na yi godiya, na koma wani masallacin da karatu.

Shekara ta zagayo, na ga abin da na gani. An yi wa wani bulala a bainar jama'a saboda akuya guda. A makon nan kuwa na kai raguna tara gidaje tara, ba wanda ya ce mini kanzil. Sai hankalina ya kwanta, na ci gaba da sana'a.

Matsalar unguwarmu ruwa ce. Rijiyarmu da zarar bazara ta kama sai ta koma laka, mata su yi ta tafiya har ƙauyen gaba da jarkoki a kura. Kansilanmu, wani mai fara'a da ƙaton ciki, sau uku yana haƙa mana rijiyar burtsatse a takarda. A karo na uku har allo aka kafa mai ɗauke da sunan aikin. Allon ya yi amfani, don awaki sun sami inuwa. Ba wanda ya kai ƙara, ba mu ma san inda ake kai irin wannan ƙarar ba. Idan ya zo wucewa muna tashi mu ce, "Onarabul, ranka ya daɗe," ni ne ma kan gaba.

Ana cikin haka wata ƙungiya daga ƙasar Turawa ta zo haƙa rijiyoyi a yankinmu. Suka kama gida a Daura, suka ajiye wani Bature injiniya, dogo siriri mai jan wuya, suka ɗauki ɗan ƙanwata tafinta. Shi ne mai bin injiniyan ƙauye-ƙauye yana juya magana, yana rubuta yawan gidaje da nisan ruwa. Ubansa ya rasu tun yana ƙarami, shekara biyar ya yi da takardar karatunsa a ƙarƙashin katifa kafin wannan aikin. Da albashin nan yake ciyar da uwarsa, ga matarsa da tsohon ciki.

Rijiya goma za a haƙa, unguwanni kuwa sun fi talatin. Dattawan unguwarmu suka taru a ƙofar gidana suka ce ga ranar da sana'ata za ta yi wa jama'a amfani. Aka yi karo-karo, na je kara na zaɓo wani balami fari tas, mai ƙaho kamar an murɗa shi da hannu, irin wanda ko kwamishina aka kai wa sai ya fito da kansa ya shafa.

Ɗan ƙanwata ya ji labari, ya zo ya same ni ina ba ragon dusa.

"Kawu, wannan na wane ne?"

"Na Sallah ne."

"Kawu, tunda nake ban taɓa ganin ka yi layya da abin da ya wuce bunsuru ba. Don Allah kada ka kai wa maigidana. Mutanen nan ba sa karɓa."

Na ce, "Kai yaro ne. Ba a haifi wanda ba ya karɓa ba, sai dai wanda ba a iya kai wa ba."

"Shi ko layya ba ya yi."

"Ba ya layya, amma ai yana da haƙora."

Ya yi ta roƙona har ya gaji. Na ce masa na ji, na bari. Bayan kwana biyu, da safe, na ɗora ragon a bayan a-kori-kura sai Daura.

Na tarar injiniyan ya tafi Kano. Maigadinsa, wani Buzu mai rawani yana dafa shayi a bakin ƙofa, ya ce an hana shi karɓar komai daga hannun kowa sai da izini. A nan na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce masa, "Ka san tafinta? Ni kawunsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifiyarsa. Shi ya ce in kawo, sun gama magana da maigida." Da jin haka ya buɗe ƙofa. Na ɗaure rago a gindin darbejiya, na faɗi sunan unguwarmu sau biyu don kada a manta, na sha shayi, na tafi ina jin kaina gwani. Tukuici ne kawai ban samu ba, na ce ba komai, Bature bai san kan abin ba.

Kwana huɗu bayan nan, da la'asar, muna zaune a ƙofar gidana majalisa ta cika, sai ga farar motar ƙungiyar ta tsaya. A bayanta ragona ne a tsaye, yana kallon gari kamar ɗan siyasa a yawon kamfe. Direban ya sauko da shi, ya miƙa mini igiyar, ya miƙa mini ambulan.

"Baba, maigida yana gaisuwa," in ji shi, yana danne dariya. "Tukuicina fa?"

Ba wanda ya yi dariya. Wanda bai tashi a garinmu ba ba zai gane nauyin abin ba. A wajenmu ana iya karɓar kyautarka a ƙi yi maka abin da kake so, wannan ba komai ba ne, kullum ana yi. Amma a dawo maka da ita da rana tsaka, a gaban mutane, ban taɓa gani ba, ban taɓa jin wanda ya gani ba. Na tsaya riƙe da igiya, na rasa ko in shiga gida ko in zauna.

Malamin firamare da ke cikin majalisar ya karanta takardar ya juya mana. Injiniyan ya ce ya gode, ragon kyakkyawa ne, amma dokar aikinsa ta hana shi karɓa. Ya ce ya ciyar da shi kwana huɗu daga aljihunsa, kada in damu. Sai malamin ya sake bin layin ƙarshe da yatsa.

"Ya ce ya rubuta wa shugabanninsa a ƙasarsu ya sanar da su."

Na ce, "Ya kai ƙarata?"

"Ya kai ƙarar kansa. Ya ce rago ya kwana a gidansa, don haka dole a bincike shi."

Wani dattijo ya ce a sake karantawa, malam bai iya Turanci ba. Aka sake, maganar ba ta canza ba. Mutum ba wanda ya gan shi, ba wanda ya tambaye shi, rago ma ya dawo da shi, ya zauna da hannunsa ya rubuta a zo a tuhume shi. Muka yi ta juya abin har aka kira magariba, muka tsaya a kan cewa ko dai yana da taɓin hankali, ko kuma akwai wata dabara da ba mu gano ba.

Washegari ƙanwata ta shigo gidana ko sallama ba ta ƙarasa ba. An ce ɗanta ya zauna a gida, ya ajiye katin aiki, har sai an gama bincike. Maigadi ya faɗi abin da na gaya masa, cewa tafinta ne ya aiko da rago. Idan ta tabbata, kora ce, kuma ba wata ƙungiya irin tasu da za ta sake ɗaukarsa.

"Yaya, me muka yi maka?" Abin da ta ce ke nan. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shi kuwa bai zo ba. Na aika, ya ce a gaishe ni.

Da na rasa mafita sai na nufi gidan kansila, tunda shi ne gwanin fita daga rami. Ya saurare ni yana cin gyaɗa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Dillali, kai da kanka? Ragon ne ya yi masa kaɗan. Bature guda, ai sa ake kai wa."

"Onarabul, yanzu mene ne abin yi?"

"Ka ce ba ka taɓa ganin Buzun nan ba. Ka ce ragonka ne ya tsinke. Wa ya ɗauki hotonka? In kuma masu binciken sun zo, ka bincika mini inda suka sauka, akwai yadda ake gaishe da baƙo."

Na fito ina ganin shawarar tana da kyau. Sai da na hau mashin na tuna cewa in na musanta, maganar maigadi ce kaɗai za ta rage, ita kuwa sunan yaron nan ne a cikinta.

Bayan mako uku aka aiko ana nemana a ofishinsu. Na sa babbar rigata ta Juma'a na tafi. A barandar ofishin akwai wani dogon benci, a kansa mutum uku: maigadi, ɗan ƙanwata, da injiniyan da kansa. Na tsaya ina kallo. Mutumin da ke da motoci uku a ƙarƙashinsa da injin haƙa mai tsawon rimi, ga shi a benci ɗaya da maigadinsa, yana jiran a kira shi, gumi yana bin jan wuyan nan nasa. Ya matsa ya ba ni wuri. A rayuwata na sha ganin babba yana sa a jira shi. Ban taɓa ganin babba yana jiran a tambaye shi ba.

Na raɗa wa ɗan ƙanwata, "Wa ke ciki?"

Bai kalle ni ba ya ce, "Wata mata ce. Daga ƙasarsu ta zo."

"Saboda me?"

"Saboda ragonka, Kawu."

"A jirgin sama?"

"A'a, a jaki."

Mu an cinye mana rijiya sukutum har sau uku, ko mai keke bai zo daga sakatariya ya tambaya ba. Su rago guda, wanda ko yanka shi ba a yi ba, an tado mutum ya ƙetaro teku.

Da aka kira ni na tarar da wata tsohuwar Baturiya mai furfura, gajera, da ɗan gyale a kanta, ga wani tafinta da aka ɗauko daga Kano. Ta gaishe ni, ta tambayi iyali, sannan ta ce in ba ta labarin ragon. Na gyara zama na shiga abin da na iya. Na ce al'adarmu ce, lokacin Sallah ana kyauta, baƙo kuwa ana girmama shi.

Ta ce al'ada ce mai kyau. Ta tambaya ko akwai wasu baƙi a Daura. Na ce da yawa. Ta ce nawa na kai wa rago a cikinsu. Na ce bana dai shi kaɗai Allah ya nufa. Ta ce me ya sa na faɗi sunan unguwarmu sau biyu. Na dubi tafintan Kano, ya dubi silin.

Sannan ta ajiye alƙalami ta ce tambaya ɗaya ta kawo ta. Shin ɗan ƙanwata ne ya aike ni?

Na taɓa rantsuwa a kara cewa tunkiya ba ta taɓa tari ba alhali da tarinta na kwana. Ƙarya ba baƙuwata ba ce. Amma ta tagar ofishin ina hango ƙeyar yaron nan a kan benci, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Hajiya, bai aike ni ba. Hana ni ya yi, har gida ya zo ya roƙe ni. Ni na yi wa maigadi ƙarya da sunansa don a buɗe mini ƙofa. Rijiya muke nema, kuma ni ban san wata hanyar neman abu ba sai wannan."

Aka rubuta, aka karanta mini, na dangwala yatsa. Na zauna ina jiran a kira 'yan sanda. Ta ce shi ke nan, ta gode, zan iya tafiya. Ni ba ma'aikacinsu ba ne, ba su da iko a kaina.

Da na ga ba ɗauri, sai bakina ya dawo. Na ce a tambaye ta, a ƙasarsu ba a cin hanci ne?

Ta yi murmushi ta ce ana ci. Ta ce nasu manyan ba rago ake kai musu ba, ana yi musu alkawarin kujera a kamfani bayan sun bar mulki, ko a gyara musu gida a manta da karɓar kuɗin aiki. Bambancin kawai, in 'yan jarida suka tono, akwai wanda aikinsa ne ya tambaya, kuma wanda ake tambaya ba shi da ikon korar mai tambayar. Wasu suna sauka, wasu suna kuɓuta. Sannan ta ƙara da abin da ban tambaya ba. Ta ce da yawa daga dukiyar da manyanmu suke kwashewa a bankunan ƙasashensu take kwance, kuma masu ajiye ta sun san ba gado ba ce.

Na ce, "To Hajiya, su kuma wa ke hawa jirgi ya je ya tambaye su?"

Tafintan ya juya mata. Ta ce ita dai rago aka aiko ta a kai.

Na miƙe zan fita, hannuna da kansa ya shiga aljihu ya lalubo goro biyu farare, don ba a rabuwa da babba hannu sake. Tafintan Kano ya taka mini ƙafa da ƙarfi har sai da na ga taurari. Na mayar da goron na fita ina ɗingishi.

Kwana goma bayan nan aka mayar wa ɗan ƙanwata katinsa. Injiniyan kuwa takardar gargaɗi aka ba shi, wai don ya bar rago ya kwana huɗu kafin ya mayar. Sai a lokacin muka ji sauran labarin. Ashe tun kafin in je kara, unguwarmu ce ta farko a jerin goman nan, saboda awo ya nuna mun fi kowa nisa da ruwa. Ragona ya sa dole aka soke awon, aka kawo wani ya sake, injin haƙa ya wuce mu ya tafi wajen Sandamu. Sai bayan damina ya dawo. Bazara guda cur matan unguwarmu suka ƙara suna tura kura, kuma duk wadda ta zo wucewa ta ƙofar gidana sai ta tsaya ta ce, "Baba dillali, sannu da ƙoƙari, a gaishe da rago."

Ranar da ruwa ya fito, kansila ya zo da maroƙa, ya yanka kirtani, ya sa aka kafa sabon allo kusa da tsohon. Muka tashi muka ce ransa ya daɗe. Ni ma na faɗa, amma daga baya-baya.

Ragon kuwa ya zame mini kaya. Sau biyu ina kai shi kara, dillalai suna nuna shi suna cewa ga wanda aka yi wa shari'a a Turai, ba wanda ya taya. Dattawan da suka yi karo-karo suka ce sun yafe, in yi yadda na ga dama da shi. Yana nan yana cin dusata har matar ɗan ƙanwata ta haihu, namiji.

Ranar suna da sassafe na ja shi da ƙafa har ƙofar gidansu. Tun ranar bencin nan magana ba ta haɗa mu ba sai gaisuwa. Ya fito ya same ni ina ɗaure igiya a turke, ya tsaya ya harɗe hannu.

"Kawu, wa yake gaisuwa?"

"Ni ne."

"Me ake nema?"

Na buɗe baki in ce ba komai, kamar yadda na saba faɗa shekara ashirin, sai na ga ba haka ba ne. Na ce, "Ana neman ka riƙa shigowa gidana in ka zo wucewa."

Ya daɗe yana kallon ragon. Uwarsa tana leƙowa ta bakin zaure.

"Wannan ma rashawa ce, Kawu," ya ce. Sannan ya juya ya ce a kira mahauci.